Yaron kamfanin man takalmi da ya zama Charles Dickens

Ina koyar da adabin Turanci a wata makaranta a unguwar Asawase da ke Kumasi a Ghana, kuma na lura ɗalibaina na ɗaukar marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, tamkar ɗan gata da ya tashi cikin littattafai. Ina! An haife shi a Portsmouth a 1812. Mahaifinsa, John Dickens, akawu ne a ofishin biyan albashin sojan ruwa, mutum mai kashe abin da ya fi ƙarfin aljihunsa. A 1824 bashi ya kai shi gidan yarin Marshalsea a Landan, matarsa da ƙananan yara suka bi shi can suka tare.

Charles kuwa, yana ɗan shekara 12, aka tura shi kamfanin Warren mai yin man goge takalmi. Aikinsa liƙa takarda a jikin tukwanen man, awa 10 a rana, sule 6 a mako, a wani tsohon gini bakin kogin Thames da ɓeraye suka cika. Shi ya sa idan na ji ɗan shushaina, wato yaro mai goge takalmi, na ƙwanƙwasa akwatinsa a kasuwar Kejetia, ba na iya wucewa ban dubi fuskarsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar mahaifiyarsa. Bayan an saki uban, ita ta so yaron ya ci gaba da aikin, uban ne ya ce makaranta. Dickens bai taɓa mancewa da wannan ba. Ni dai ba na iya zaginta, domin na ga iyaye mata a zango da kuɗin haya ya sa suka yanke irin wannan shawara suna hawaye. Amma ciwon yaron ma gaskiya ne.

Daga baya ya koyi rubutun gaggawa, ya zama ɗan jarida a majalisa, ya yi suna da littafinsa The Pickwick Papers a 1836, Oliver Twist ya biyo baya. A littafinsa David Copperfield ne ya zuba labarin nan, ya mai da man takalmin kwalaben giya, ya saka halin ubansa a jikin wani mutum na cikin labarin mai suna Mista Micawber. Masu karatu suka sha kuka, suna zaton ƙirƙira ce zalla. Ko 'ya'yan cikinsa ba su san ya yi wannan aiki ba, sai bayan rasuwarsa a 1870 da amininsa John Forster ya wallafa tarihinsa.