Injin sassaƙa da masu tsaya masa

A shagonmu da ke Sharaɗa a Kano muna sassaƙa ƙofofi da allunan adon falo da ragar tagogin masallaci. Injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, shi ne ke yanka, yaran shago kuma robot suke ce masa. Teburinsa na ɗaukar falankin MDF (na garin katako da aka matse) mai ƙafa 4 da ƙafa 8. A zana ado a kwamfuta, a ɗaure falanki, sai haƙorin injin, wato ƙarfen yankan, ya bi layi yana ci. Dagin Arewa hamsin zai fitar maka, babu wanda ya saɓa da ɗan'uwansa.

A Turai abin ya yi nisa. Tun 2006 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurik suka sa hannun mutum-mutumi ya jera bulo kusan 20,000 na bangon wani gini a Suwizalan, kowane bulo da karkatar da aka lissafa masa. Amma ko can, mutane ne suka kai bangon wurin ginin suka kafa.

Mu nan aikin mutum ya fi haka yawa. Inji bai san katako ba. Maɗacin da muke sarowa a 'Yan Katako na Na'ibawa wani ɗanye ne, wani da gaɓa a ciki, kuma da sanyin hunturu ya shigo sai ya bushe ya murɗe. Babban kafintanmu, Baba, shi ke shafa katakon ya ce ta nan za a fara. Da kunne yake gane haƙori ya dakushe, ƙarar ce ke sauyawa tun kafin gefen yankan ya fara baƙi. Yakan ce wa yaron kwamfuta: "Kai, rage masa gudu, ba gyaɗa yake niƙa ba." Yaron ya ce, "To, Baba," ya rage.

Wuta kuwa, idan aka ɗauke ana tsakiyar yanka, falankin ya tafi, shi ya sa babban aiki sai da janareta.

Sai wajen kafawa. A kwamfuta bango a miƙe yake sambal, a fili kuwa da wuya ka samu ƙofar da faɗinta na sama ya yi daidai da na ƙasa. Don haka muke auna wuri uku, mu bar rara a gefe, Baba ya fere da hannu a can gidan. Masu son adon tsofaffin sorayen cikin gari, irin na Gidan Makama, sukan ce na inji ya cika santsi. Irin waɗannan sai a bi yankan da kurfi, kuɗinsu ma daban ne.