Abin da na kwaso daga ɗakin ƙwari

Na ajiye aiki, kuma waɗanda muka zauna tare sun san dalili. Wannan don masu shigowa bayana ne.

Kowane manomi a Maradi ya san murzuna a zangarniya, tsutsar da ke sassaƙa hanya a murɗe ta bar hatsi ba ƙwaya. Uwar tata ce ba kowa ya sani ba, ɗan malam-buɗe-littafin nan na dare da ke faɗawa tarkon fitila wajen wata guda bayan ruwan shuka. Sunanta Heliocheilus albipunctella, wani masanin ƙwari, de Joannis, shi ne ya fara siffanta ta a 1925. Dangin Noctuidae ce, reshen Heliothinae, wato ƴar'uwar tsutsar tumatir da auduga, kuma tsofaffin takardu Raghuva suke ce mata. Macen ja-ja ce, da fararen ɗigo a jere a fiffiken gaba. Namiji kuwa gefen fiffikensa a kumbure yake, da wani wuri garau da ake hango haske ta ciki, kuma yana ƙara in yana shawagin neman mace.

Wannan bambanci ne ya haɗa ni da shugabanmu. Ya ce a ware masu fiffike garau, wai wani iri ne daban, kada su shiga lissafin abin da tarko ya kama. Na ce, "Ranka ya daɗe, miji da mata ne." Ya dube ni a gaban ƴan koyo ya ce, "Yaro, yaushe ka fara ganin ƙwaro?" Na ja bakina. Lissafi ya fito kaɗan, aka yi nawar kai buhunan Habrobracon, ɗan ƙaramin zanzaron da ke kashe murzuna, gonakin wajen Tibiri, alhali murzuna sau ɗaya take fitowa a shekara. In ta ƙoshi ta nutse cikin ƙasa, sai damina mai zuwa. Manoma suka girbi abin da ya rage.

Da rahoto ya fito an gyara lissafin tsaf, maza da mata wuri guda, da sunansa a sama. Nawa ko a godiya bai shiga ba. Ba komai, Allah na gani.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. A kwashe tarko da asuba kafin tururuwa su riga ka. Kada a kama fiffike da yatsa, ɗigon gogewa yake. Kuma ka riƙe littafinka na kanka, da biro, da kwanan wata a kowane shafi, ka tafi da shi gida kullum.