Yadda na ɗaura na'urar auna karkata a jikin hasumiyar tankin ruwa

A ƙarshen daminar da ta wuce yayana ya kira ni gonarsa in duba masa tankin ruwa, domin idonsa yana gaya masa cewa hasumiyar ƙarfen da tankin ke kai ta ɗan karkata wajen gabas, alhali mai waldan da ya kafa ta ya rantse tana nan cak. Tankin na lita 10,000 ne, wato idan ya cika tan 10 na ruwa ke zaune a kan ƙafafu huɗu masu tsayin mita 9, ƙasar wurin kuma laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Na ɗora lebur ɗin magina a jikin ƙafafun, ƙwayar iskar ta zauna tsakanin layukanta, amma hakan bai raba gardamar ba, domin karkatar kashi ɗaya cikin goma na digiri, wadda da ƙyar ido zai gane ta a lebur, tana nufin kan hasumiyar ya gusa da kusan milimita 16. Kuma abin da muke son sani shi ne ko tana ci gaba da tafiya, lebur kuwa ba ya tuna abin da ya gani jiya. Shi ya sa na yanke shawarar ɗaura na'urar auna karkata mai aiko da alƙaluma ta waya.

A cikin irin wannan na'ura akwai wani ɗan mitsitsin nauyi na silikon da ke rataye a kan siraran marikai, kuma idan na'urar ta karkata, jan ƙasa yakan gusar da shi kaɗan, gusawar ta sauya yawan lantarkin da ke taruwa tsakaninsa da farantan da ke gefensa, sai ƙwaƙwalwar na'urar ta mayar da wannan sauyin zuwa digiri. Tun da jan ƙasa take aunawa, ba ta iya bambance karkata da jijjiga, don haka duk abin da ya girgiza ta, ko famfo ne ko iska, zai bayyana a alƙalumanta. Na zaɓi mai auna fuska biyu, X da Y, wadda iyakarta digiri 15 ce kowane gefe. A ganina sayen mai digiri 90 saboda irin wannan aiki ɓarnar kuɗi ce, domin hasumiyar da ta kai digiri 15 ta riga ta kwanta.

Masu sayarwa sukan ba da na'ura ɗaya da hanyoyin siriyal uku, wato hanyoyin da bayani ke bi bit ɗaya bayan ɗaya (bit shi ne ƙwayar bayani, 0 ko 1). Akwai TTL mai volt 3.3 ko 5, wadda ta dace da cikin akwati ɗaya kawai. Akwai RS-232, wadda ta fito tun 1960, tana aiki da lantarki mai kaiwa volt 15 sama da ƙasa da sifili, nisan da aka saba ba ta kuma bai wuce mita 15 ba. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da mahaɗar TTL yana iya ƙone mahaɗar nan take. Sai RS-485 ta 1983, wadda ke aika kowane bit a matsayin bambancin lantarki tsakanin wayoyi biyu, ta yadda hayaniyar da ta shiga duka biyun daidai takan soke kanta. Tana kai mita 1,200 idan ba a tsananta gudu ba, kuma na'urori 32 na iya zama a layi ɗaya. Tsakanin hasumiyar da ɗakin da kwamfutar za ta zauna akwai kimanin mita 70, ga inbatar famfon sola a kan hanya, saboda haka ban daɗe ina tunani ba na ɗauki RS-485.

Kafin in hau ko matakala ɗaya sai da na gwada komai a kan tebur da guntuwar waya, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawarar ya yi haka, domin matsalar da za ka warware a zaune cikin minti goma takan cinye yini idan kana rataye a sama cikin rana. Na soka adaftar USB mai ƙwayar CH340 a kwamfuta, na duba lambar COM, wato sunan mashiga, da Windows ta ba ta. A Linux takan fito da sunan /dev/ttyUSB0, kuma sai mai amfani yana cikin rukunin dialout za a bar shi ya buɗe ta. Daga nan sai abubuwa huɗu da dole ɓangarorin biyu su yarda a kansu: gudun aikawa, yawan bit na bayani, bit na tantancewa, da bit na tsayawa. Bit na tantancewar nan ba wani abu ba ne illa wasan cika ko mara, domin ana ƙara shi ne don jimillar bit masu ɗaya ta zama cika ko ta zama mara, mai karɓa ya ƙirga ya ga ko an yi ɓatan kai a hanya. Na'urata ta zo a kan gudun bod 9,600 (bit 9,600 a daƙiƙa), bit 8, babu tantancewa, bit 1 na tsayawa, abin da ake taƙaitawa 8N1. Ya kamata a lura cewa ƙa'idar Modbus, wato tsarin tambaya da amsa da na'urar ke magana da shi, ita kanta bod 19,200 da tantancewar cika ta ajiye a matsayin asali, shi ya sa wasu manhajoji ke buɗewa a kan haka, alhali kamfanoni da yawa suna fitar da kayansu a kan 8N1.

Na buɗe PuTTY, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta layin siriyal, ina jiran alƙaluma su zubo, allo ya tsaya fayau. Laifina ne, domin na'urar da ke magana da Modbus, yarjejeniyar da kamfanin Modicon ya fitar a 1979, ba ta buɗe baki sai an kira sunanta an tambaye ta. Tambayar bayit 8 ce kacal (kowane bayit bit 8 ne), kuma a rubutun heksa, wato ƙirge mai tushe 16 da ke haɗa alƙaluma da haruffa, ga yadda take: 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Na farko adireshin na'urar ne, wanda zai iya zama daga 1 zuwa 247. Na biyu, 03, umarnin karanta rajista ne, wato ma'ajiyar lamba a cikin na'urar. Biyun da ke biye suna faɗin inda za a fara, biyu na gaba suna faɗin rajista nawa ake so, na ƙarshe biyu kuma lissafin CRC ne da ake gane saƙon da ya lalace da shi. Idan lissafin bai yi daidai ba na'urar ba ta cewa an yi kuskure, shiru kawai take yi, kuma wannan shirun shi ne mafi wahalar fassara a duk aikin, domin iri ɗaya ne da shirun gudun da bai dace ba, da na adireshin da ba nata ba, da na wayar da ta tsinke.

Nawa shirun ya kai ni har la'asar. Na sauya gudu, na sauya tantancewa, na auna wutar da ke shiga na'urar da mita na ga volt 12 cif, har na fara zargin an sayar mini da matacciya. A ƙarshe na musanya wayoyi biyun RS-485, wato A da B, amsa ta zo nan take. Kamfanoni ba su daidaita a kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wannan ya kira A wani B yake kiransa, musanya su kuma ba ta ƙone komai, don haka da ita ya kamata in fara. Wani tarko makamancinsa shi ne lambar rajista, domin wadda littafin na'ura ya rubuta 40001 ita ce 0 a cikin saƙon da ke bin waya.

Amsar farko ta fuskar X ta nuna 65,286, alhali na'urar tana kan tebur na ɗan tokare gefenta da littafi. Rajistar Modbus bit 16 ce, kuma lambar da ke ƙasa da sifili ana ajiye ta ne ta hanyar cire ta daga 65,536. Idan aka yi wannan lissafin sai a sami 250 ƙasa da sifili, kuma tun da na'urar tana ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, karkatar digiri 2.50 ke nan zuwa ɗaya gefen. Gyaran bai wuce gaya wa manhaja cewa lambar mai alama ce ba. Waɗanda na'urarsu ke ba da lamba mai bit 32 suna da ƙarin aiki, domin ƙa'idar ba ta faɗi wace rajista ce ke zuwa farko ba, sai an gwada an gani.

Da yake ina da niyyar ƙara na'ura ta biyu nan gaba, na mayar da adireshin wannan zuwa 2 tun tana ita kaɗai a layi, na adana, na kashe wuta na kunna don in tabbatar ya zauna, sannan na rubuta adireshin da gudun a jikinta da alƙalamin da ba ya gogewa. Na'urori biyu masu adireshi ɗaya sukan amsa tare, amsoshin su yi karo, ba a fahimci ko ɗaya ba.

Wurin zaman na'urar ya fi komai cin tunani. Na sa aka yi waldar farantin ƙarfe mai kauri a jikin babban ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, nesa da siraran ƙarafan giciye masu rawa da iska, na jera fuskar X da gabas da yamma. Kafin in ɗaure noti na yi gwajin juyi: na karanta, na juya na'urar digiri 180 a kan farantin, na sake karantawa. Rabin jimillar karatun biyu shi ne kuskuren na'urar ita kanta, rabin bambancinsu kuma shi ne ainihin karkatar farantin. Akwai umarnin da ke mayar da karatun yanzu ya zama sifili, amma na ƙi amfani da shi, domin duk ranar da wani ya sake aika shi bisa kuskure, abin da ake gwada komai da shi ya tafi ke nan. Na rubuta karatun ranar farko a littafi, ina cirewa a cikin manhaja. Wayar kuwa murɗaɗɗiya ce mai rigar ƙarfe, na haɗa rigar da ƙasa a gefe ɗaya kawai, na ja waya ta uku mai haɗa sifilin ɓangarorin biyu, na sa resista mai om 120 a kowane ƙarshen layin, na zura ta cikin bututu saboda ɓeraye, nesa da kebul ɗin famfo. A bakin na'urar na bar wayar ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa don ruwan sama ya ɗiga kafin ya kai mahaɗa, na kuma yi mata 'yar rumfa.

Ɗan shirin kwamfuta da na rubuta da harshen Python yana tambaya sau ɗaya a daƙiƙa, ya tara karatu 60 ya ɗauki matsakaici, ya ajiye duk bayan minti goma. A makon farko na ga hasumiyar tana sunkuyawa wajen yamma da hantsi, ta dawo ta wuce wajen gabas da maraice, kullum haka, har gabana ya faɗi kafin in gane rana ce. Ƙarfe yana ƙara tsawo da kimanin kashi 12 cikin miliyan ga kowane digiri na zafi, don haka ƙafa mai mita 9 da ta fi 'yar'uwarta ta inuwa zafi da digiri 10 ta fi ta tsawo da milimita ɗaya da 'yan kai, kuma tun da tsakaninsu mita 2 ne, wannan ya isa ya ba da karkatar kusan 0.03 na digiri. Ita ma na'urar zafi yana ɗan gusar da sifilinta, cikar tanki da ragowarsa kuma suna da nasu tasirin.

Saboda haka yanzu karatun asuba kawai nake gwadawa da na wata asubar, lokacin da ƙarfen ya kwana ya huce gaba ɗaya, kuma a ranakun da tankin ya kwana a cike. Tun shigowar hunturu karatun bai gusa fiye da rawar da na'urar ke yi da kanta ba. Na gaya wa Yaya kada ya saki jiki tukuna, domin lakar a bushe take, sai ruwan Yuli da Agusta ya ratsa ƙarƙashin ƙafafun za mu ga abin da fuskar X za ta nuna.