Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin gidanmu da ke ƙasar Gwaram, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Allah ya ba Innarmu sauƙi daga larurar da ta same ta a farkon hunturun nan. Masu kira da masu turo saƙo kuna da yawa, ba zan iya bin ku ɗaiɗai ba, shi ya sa na rubuto nan.

Waɗanda suka zo dubiya a makon farko sun ga yadda take. Bakinta ya karkace ya koma hagu, idon dama ya ƙi rufuwa ko tana barci, in ta kurɓi ruwan alwala sai ya zubo ta gefen baki. Bayan kunnenta na ciwo, abinci kuma ya daina yi mata ɗanɗano a gefe ɗaya na harshe. Kafin hantsi an fara cewa marin aljani ne, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe.

Godiyarmu ta farko ga Kawu, ƙanin Inna. Shi ya ce, “Yaya, addu'a muna yi kuma ba za mu fasa ba, amma yau ɗin nan za ki ga likita.” Ya nemo mota aka tafi asibitin tarayya na Birnin Kudu. Likita ya sa ta ɗaga hannuwa, ta taka, ta ɗaga gira. Hannu da ƙafa lafiya lau, amma goshin dama ko motsi. Ya ce jijiyar fuska ce ta kumbura a inda take ratsa wani siririn rami a ƙashin bayan kunne, ciwon da ake kira da sunan Charles Bell, likitan da ya yi bayanin aikin jijiyar. A shanyewar ɓarin jiki galibi goshi yana motsi, kuma hannu ko ƙafa kan yi nauyi. Ya rubuta ƙwayar prednisolone, wadda ya ce ta fi amfani idan an fara sha cikin awa 72. Da an yi ta cewa sai gobe sai jibi har kwana uku, da lokacin ya wuce. A nan ne ma aka gano tana da ciwon suga, aka riƙa auna ta domin ƙwayar tana ɗaga shi. Likita, Allah ya saka da alheri.

Amma inda na fi so in daɗe shi ne sashen gashi, wato masu fisiyo. Ni da na ɗauka aikinsu sai wanda ya karye ko ya gurɗe. Baiwar Allah da ta karɓi Inna ba ta da gaggawa ko kaɗan. Za ta zaunar da ita gaban madubi, ta sa 'yan yatsu ta murza kumatu da goshi a hankali, sannan ta ce, “Mama, ɗaga min gira. A'a, ban da yunƙuri, kaɗan nake so.” Sai rufe ido sannu-sannu, sai tsuke baki kamar za a hura wuta, sai cika kumatu da iska, sai murmushi ba tare da an buɗe haƙora ba. Inna ta so ta riƙa yi da ƙarfi don ta warke da wuri, aka hana ta. Mai gashin ta bayyana mana cewa jijiya in tana farfaɗowa takan yi ɓatan kai, har mutum ya zo murmushi ido ya runtse da kansa, don haka an fi son motsi ƙarami mai kyau a kan babba na ganganci.

Ita ce kuma ta ja kunnenmu a kan idon. Idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake, ga ƙurar hunturu, yana iya yin gyambo. Ɗigon magani da rana, tabarau in za a fita tsakar gida, da dare a rufe fatar idon a manne ta da filasta. Inna ta ƙi tabarau da farko, wai ita ba 'yar birni ba ce.

Aikin gaske a gida aka yi shi, kuma matar yayana ce ta ɗauke shi. Bayan asuba da bayan la'asar za ta wanke hannu ta zauna da Inna a kan tabarma, jikanyar Inna na riƙe da madubi. Makonni aka yi ba a ga komai ba, har Inna ta fara cewa a bar ta haka. Matar yayana ba ta bari ba. Ranar da gefen bakin ya ɗan motsa, guɗarta ce ta tara maƙwabta. Yaya, Allah ya ba ki masu yi miki.

Muna godiya ga liman da jama'ar masallaci da suka sa ta a addu'a, da direban da sau da yawa kuɗin mai kawai yake karɓa, da matan unguwa da suka riƙa aiko kunu da fate lokacin da tauna take mata wuya, da waɗanda suka kama mana sussukar dawa muna asibiti. Wanda ya ba mu rance kuma ya ce kada a ambace shi, ya san kansa.

Yanzu Inna tana rufe idonta, tana shan fura da ludayi ba zuba. Ɗan karkacen da ya rage sai ta yi dariya sosai ake gani, kuma za mu koma asibiti wata mai zuwa a sake duba ta. A ci gaba da sa ta a addu'a. Allah ya bar zumunci, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.