Guzurin da ciyawar ruwa ke ɓoyewa a cikin laka

Duk wanda ya taɓa noman hawasha, wato gonar ban-ruwa, a yankin Jazira na Sudan ya san cewa ba a gama yaƙi da ciyawar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Tun bayan da aka kammala madatsar Sennar, wadda ke turo ruwan, a 1925 ake yanke ciyawar ana jan ta gefe, amma da zarar ruwan kogin Shuɗin Nilu ya washe bayan watannin ambaliya, hasken rana ya kai ƙasa, sai ta sake toshe hanya har manoman ƙarshen layi su rasa rabonsu na ruwa. Mutanenmu kan ce ruwa ne ke kawo irinta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai a ganina tushen matsalar yana kwance ne cikin lakar da muke takawa.

Da yawa daga cikin waɗannan ciyayi, musamman dangin Potamogeton masu rayuwa a nutse, idan yanayi ya fara juya musu baya sukan daina tsawo, su tattara abincin da ganye ya sarrafa su cusa shi cikin wani ɗan toho mai tauri, ko cikin ƙananan ƙulluttai a jikin saiwa. Mafi yawan ajiyar sitaci ce, irin wadda ke sa mutane tonon saiwar bado idan abinci ya yi wuya. Sitacin nan ya fi ruwa nauyi, shi ya sa tohon kan nutse ya lafe a taɓo, yana cin guzurinsa kaɗan-kaɗan. A Turai sanyin hunturu yake gudu. A nan kuwa jan ruwan damina mai tare haske da ƙafewar tur'a ne yake jira su wuce. Ƙulluttan ciyawar Hydrilla kan kai shekara 4 a cikin laka mai damshi ba su mutu ba.

Idan lokaci ya yi, sitacin kan koma sukari, tsiron ya miƙe da ƙarfinsa tun kafin ya ga rana.

Saboda haka nake ganin sanin lokacin sara ya fi yawan saran muhimmanci. Wanda ya bari sai ciyawa ta ƙosa, yana girgiza ta ne tohon na zuba ƙasa, ya shuka ta baɗi da hannunsa. Gara a far mata sa'ad da sabon tsiro ya cinye ajiyarsa bai kuma fara tara wata ba. Lakar da aka yashe ma, in aka jibge ta dab da bakin tur'a, ruwan sama zai mayar da ita ciki tare da abin da ta ƙunsa.