Na gaji da yanka albasa a cikin inuwata

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau dai na cika alkawarin da na ɗaukar wa kaina tun ranar Laraba, ranar da Abban yara ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa da wake. Bai ce uffan ba, dafe kunci kawai ya yi, amma abin ya tsaya min a rai, domin na san na tsince waken nan. Da na koma kicin a daren na tsaya inda na saba tsayawa, sai na gano bakin zaren. Ƙwan wuta ɗaya ne tal a tsakiyar silin, kuma a bayana yake. Duk sanda na sunkuya kan kantar girki, kaina da kafaɗuna ne suke tare hasken, faranti ya koma cikin duhu. Shekara da shekaru a haka nake girki.

Da hantsi na hau adaidaita sahu, na fara biyawa ta 'Yankura na sayi kayan miya, sannan na shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta. Ina shiga shago idona ya faɗa kan wata fitila mai gilasai reto-reto, tana ta ƙyalli. Har na fara taya ta. Mai shagon, wani dattijo, ya ce, "Hajiya, falo za a kai ta?" Na ce a'a, kicin. Ya girgiza kai ya ce, "Ki bar ta. Maiƙon suya da ƙurar hunturu za su haɗu su like a kowane gilashi, ba ki da ranar gama goge ta." Na ji daɗin mutumin nan, don ita ta fi tsada a cikin abin da na duba.

Shi ya zaunar da ni ya yi min karatun kwali. Mu mun saba tambayar wat nawa ne, ashe wat yawan wutar da ƙwai yake sha ne, ƙarfin haskensa kuwa lumen ake dubawa. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da kusan lumen 800, daidai da tsohon ƙwan nan mai wat 60 da yake ƙona hannu in an taɓa. Ga mai lallaɓa batirin inbata da dare irina, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen launin haske. Ya kunna min ƙwai uku a jere: 3000K, 4000K da 6500K. Na zura hannu a leda na ciro tumatir ɗaya na riƙa kai shi ƙarƙashin kowanne. A na 6500K, farin nan fat mai ratsin shuɗi da ya cika gidajenmu, tumatirin ya koɗe kamar bai nuna ba, hannuna ma ya yi toka-toka. A na 3000K mai ruwan ɗorawa komai ya yi daɗin kallo, sai dai na tuna suyar albasa: in hasken kansa ja-ja ne, ta yaya zan gane ta soyu ko da saura? Na 4000K ne ya nuna min tumatirina kamar yadda na gan shi a rana. Akwai kuma wata lamba, CRI, mai nuna yadda ƙwai yake fito da ainihin launin abu. Ƙarshenta 100, yawancin ƙwayaye a 80 suke, na samu mai 90 na ɗauka, domin ina so in kalli nama in san lafiyarsa tun kafin ya shiga tukunya.

Sai da na kira gida babbar 'yata ta duba min mazaunin ƙwanmu, ko mai fin biyu ne ko mai murɗawa. Mai fin ne. Na sayi siririyar fitilar nan mai kama da zare da ake mannawa a ƙarƙashin kabad, mai aiki da bolt 12 da ɗan akwatinta, da rufaffiya mai alamar IP44 don saman sinki saboda feshin ruwa, da ƙwai ɗaya mai caji.

Kwalliya kuwa ban yafe ta ba. Raina ya so wata mai hular saƙa kamar faifai, amma kaba da hayaƙin girki ba sa shiri. Na ɗauki mai hular ƙarfe, koriya da bakin baƙi, sak langar kakata da take zuba mana tuwo. Tsumma ɗaya ya isa goge ta.

Bayan la'asar mai gyaran wuta ya zo, ya kashe babban makunnin gida ya hau aiki. Ya so ya haɗa duka a kan makunni ɗaya don sauƙi, na ce, "Malam, don Allah ka raba su." Da asuba in zan dama koko, ta ƙarƙashin kabad ta ishe ni. Zaren ya tsayar da shi nesa da kan gas saboda zafi, koriyar kuma ya rataye ta saman ɗan teburinmu, tazarar kamar santimita 80, yadda ba ta haske ido kuma ba a buga kai.

Ana idar da magariba aka ɗauke wuta. Ƙwai mai caji ya ci gaba da ci, na tashi inbata, na zuba wake a faranti na kira autata. Ita ta fara ganin tsakuwa, ƙarama mai launin waken, ta ɗaga ta tana kiran Abbanta ya zo ya gani. Hajiya, tsohuwar gidanmu, ma ta baro ɗakinta ta ja kujera ƙarƙashin koriyar fitilar, tana ba yara labarin yadda suke tuƙa tuwo da aci-balbal a gefen murhu.

Sabon hasken ya kuma nuna min maiƙon da ya taru a bangon bayan gas da kusurwar kabad. Na jiƙa soso da omo, gobe da safe in Allah ya kai mu da nan zan fara.