Takardar da ta zo bayan hukunci

Daga Damagaram na zo Abuja a 2019, na iske mijina a Gwagwa, yana sayar da kayan gini a kasuwar Dei-Dei. Harshe bai ba ni wuya ba, ko da yake mata suna dariya in na ce jika ko kwamisariya. Lissafin naira ma cikin wata guda na kama shi. Kotu ce ta koya mini cewa baƙuwa ce ni.

Matar da ke ƙofa da ƙofa da ni, wadda nake kira Yaya, ita ta riƙe ni tun ranar da na sauka. Ita ta nuna mini mai ruwa, ta haɗa ni da masu kawo ɗinki. 'Yarta mai shekara 15 wani mai babur ya ɗauke a hanyar Islamiyya, ya kulle ta a wani kango kwana biyu, ya yi mata fyaɗe. Dangi suka ce a rufa asiri, Yaya ta ce sai shari'a. Ni nake raka ta, saboda duk unguwar ba mai son a gan shi a bakin kotu kan irin wannan magana. An gurfanar da shi a ƙarƙashin dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda ake kira VAPP. In mai laifin babba ne, dokar ta tanadi ɗaurin rai da rai, kuma ba a sauka ƙasa da shekara 12, ba zaɓin tara. Shekara 14 aka ba shi, aka wuce da shi gidan yarin Kuje. Ranar Yaya ta yi sadakar waina.

Ba a cika wata uku ba sai ga labari wai ya ɗaukaka ƙara. Yaya ta shigo ɗakina ko sallama babu, ta zauna a ƙasa kusa da keken ɗinki, mayafinta a hannu.

"Ƙanwata, wato yarinyar nan za ta sake tsayawa gaban mutane ta faɗi abin nan da bakinta?"

Ban da amsa. A can gida na san akwai kotun ɗaukaka ƙara a Damagaram da Yamai, amma ko ƙofarta ban taɓa takawa ba, kuma tsarinmu na Faransa ne, na nan na Ingila. Kwana tara Yaya ba ta barci kafin muka samu wata lauya ta zaunar da mu. Ta ce wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, haƙƙinsa ne. Alƙalai uku za su duba kundin shari'ar da aka riga aka yi, da hujjojin lauyoyi a rubuce, su ga ko alƙalin farko ya yi kuskure wajen kama shi da laifi ko wajen yawan shekarun. Ba a saba sake kiran shaidu ba. Kuma yana nan a tsare, sai in an ba shi beli, wanda ba kasafai ake bayarwa ba bayan hukunci.

Yaya ta fashe da kuka, amma na sauƙi ne wannan karon.

Ban ƙi a ɗaukaka ƙara ba. Alƙali mutum ne, kuma da ɗan'uwana aka ɗaure bisa kuskure zan so wasu idanu su sake dubawa. Abin da ya ci mini rai shi ne uwa ta kwana tara tana tunanin za a sake tsiraita 'yarta, alhali bayanin bai wuce na minti biyar ba.

Bara aka tabbatar da hukuncin. Lauyar ta ce yana da kwana 30 in zai tafi Kotun Ƙoli, muka riƙa ƙirga kwanakin a kalandar shagona har suka ƙare ba mu ji komai ba. Yarinyar yanzu tana wurina, ta iya yanka riga, hannun riga ne dai har yau ke ba ta wahala.